Kwanan Tanti a Bakin Tekun Tsibirin St. John

Idan aka ce wa mutumin ƙasarmu ga wani mai gida ginin siminti, da lantarki da famfo da gado mai katifa, amma ya kulle gidan nan, ya kwashi iyalinsa ya hau jirgin sama ya yi tafiyar mil dubu ko fiye, don kawai ya je ya kwana a ƙasa cikin tanti, har kuma ya biya kuɗin kwanan, to abin da zai fara tambaya shi ne ko lafiya. A wurinmu tanti na soja ne a fagen daga, ko na alhaji a Mina, ko kuwa na wanda wani bala'i ya raba da garinsu. Amma a Amurka da ƙasashen Turai kwanan tanti wata hanya ce ta shan iska, har hukuma kan keɓe wurare musamman dominsa. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a wannan fanni shi ne zangon Cinnamon Bay da ke tsibirin St. John a cikin Tekun Karebiyan, kuma labarinsa ne nake so in ba mai karatu a wannan mako.

Shi dai St. John ɗan ƙaramin tsibiri ne, faɗinsa duka bai wuce murabba'in mil 20 ba, mutanen da ke zaune a cikinsa kuwa ba su cika dubu huɗu ba a ƙidayar shekarar 2020. Yana gabas da Puerto Rico, kuma shi ne auta a cikin manyan tsibirai uku da Amurka ke riƙe da su a rukunin da Kolumbus ya laƙaba wa suna Tsibiran Budurwai a shekarar 1493. Sauran biyun su ne St. Thomas da St. Croix. Idan agogo ya buga ƙarfe goma sha biyu na rana a Kano, can ƙarfe bakwai ne na safe. Babu filin jirgin sama a St. John, sabo da haka baƙo sai ya sami bizar Amurka, ya sauka a St. Thomas, ya shiga mota zuwa mashigar Red Hook, daga nan jirgin fito ya ƙetare da shi zuwa garin Cruz Bay cikin kamar minti ashirin.

Abu biyu baƙo zai lura da su tun bai bar bakin mashigar ba. Na farko gaisuwa. Mutanen tsibirin, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, ba su yarda mutum ya faɗo musu da tambaya ko ciniki ba tare da ya yi barka da kwana ko barka da rana ba. Wanda ya tsallake gaisuwa zai ga an ɗaure masa fuska, ya rasa laifin da ya yi. Bature kan sha wahalar koyon wannan, amma Bahaushe ya tarar da abin da ya bari a gida. Na biyu kuwa tuƙi. Ta hannun hagu ake bin hanya, kamar yadda muke yi a Nijeriya kafin shekarar 1972, alhali kuwa motocin duk ƙirar Amurka ne masu sitiyari a hagu. Motocin hayarsu a-kori-kura ne da aka jera wa bencina a baya aka yi musu rumfa. Hanyar da ta nufi Cinnamon Bay ba ta fi mil biyar ba, amma hawa ce da gangara da kwana mai kama da gwiwar hannu, kuma duk inda motar ta kai ƙololuwar tudu sai ka hango teku a ƙasa, daga gefe kore-shar, can ciki kuwa shuɗi kamar an juye baba a marina.

Zangon ba a kan rairayin yake ba, a bayansa yake, cikin inuwar itatuwa, taku kaɗan daga ruwa. Masauki iri uku ne. Akwai ɗakunan gini ga wanda bai shirya rabuwa da bango ba. Akwai manyan tantuna da aka riga aka kafa bisa dandamali, da gado a ciki. Sa'an nan akwai fili tsura, wanda za a nuna maka a ce ga naka, ka kafa tantin da ka zo da shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi araha, kuma a ganina shi ne kwanan tanti na gaskiya, sauran biyun otal ne da aka sake wa suna. Wurin wanka da bayan gida na tarayya ne. Akwai ɗan kanti da wurin sayar da abinci, sai dai komai da tsada, domin hatta gishiri jirgin ruwa ke kawo shi.

Sha'anin ruwan sha shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Ga ruwa ya kewaye ka ta ko'ina, amma tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya mai gudu dukkan shekara. Kusan kowane gida an gina shi ne bisa wani babban tanki na siminti, ruwan saman da ya sauka a rufin ya gangara ciki, da shi za a sha a yi girki a yi wanki. In tankin ya ƙafe sai a sayi ruwan tanka, wanda aka tace daga na teku. Don haka mutumin St. John ba ya sakin famfo ya tsaya goge haƙori, kuma a zangon ma ana roƙon baƙi su taƙaita wanka. Wanda ya taɓa zama inda ake bin mai garuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Da la'asar sakaliya, in iska ta kwanta, sai ƙyashi ya fito. Ƙanƙanta gare shi har yakan ratsa ragar gidan sauro in idonta ba matsattse ba ne, cizonsa kuma sai ya kwana biyu yana ƙaiƙayi. Rana na faɗuwa duhu ke rufewa, ba wani dogon jan gari. Daga nan dajin ya ɗauka: kwaɗin itace da gyare suna ta yi, teku kuma na bugun gaɓa ba fashi, kamar mai sussuka da ba ta gajiya. Can tsakar dare baƙo zai ji ƙwaram-ƙwaram cikin busasshen ganye a gindin tantinsa, gabansa ya faɗi. Ba ɓarawo ba ne, wata irin ƙaguwa ce wadda ba ta da ƙoƙon bayanta, sai ta nemi kwanson dodon koɗin da ya mutu ta shige ciki tana yawo da shi, in ta yi girma ta yar ta nemi wani. Ɗan haya ke nan wanda ba ya biyan kuɗin wata.

Ɓarayin gaskiya da rana suke zuwa. Akwai tunku, wanda masu gonakin rake suka shigo da shi tsibiran nan wajen ƙarshen ƙarni na 19 don ya kashe musu ɓeraye. Ba su yi la'akari da cewa ɓera da dare yake yawo, tunku kuwa da rana ba. Sabo da haka suka raba aiki, kowa ya kama lokacinsa, tunku ya koma shan ƙwan tsuntsaye da na kunkurun teku, yanzu kuma ya ƙara da burodin masu tanti. Akwai kuma jakuna, jikokin waɗanda suka yi dako a gonaki tun zamanin bauta. Da mota ta zo aka sake su, suka zama na daji, ba taiki ba mangala. Sukan ratso zangon su leƙa tukunya, Turawa na ɗaukarsu hoto kamar sun ga zaki. Dokar wurin ta hana ba su abinci. Sai kuma wata itaciya da ake ja wa kowane baƙo kunne a kanta, mai 'ya'ya kore masu kama da ƙaramin tuffa. 'Ya'yan guba ne, ƙaronta yana ƙona fata, ko fakewa a ƙarƙashinta lokacin ruwan sama kan sa jiki ya yi bororo.

Da sassafe, kafin masu zuwa yini su iso, rairayin naka ne kai kaɗai. Shi ne mafi tsawo a tsibirin, fari fat, laushinsa kamar garin da aka tankaɗe. Kwasakwasa na shawagi, in ta hango kifi sai ta naɗe fiffike ta faɗo kamar an jefo dutse. Ruwan garai-garai yake, kana tsaye ya kai maka ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka. Wanda ya iya iyo kan sa tabarau na ruwa ya nufi wani ɗan tsibirin dutse da ke daura da gaɓar, ya kalli kifaye iri-iri a tsakanin murjani. Amma fa murjanin nan ba kamar da yake ba. Zafin ruwan shekarar 2005 da cutar da ta biyo bayansa sun kashe mai yawa, wata sabuwar cutar kuma ta iso tsibiran a 2019. Tun daga 2020 hukumar tsibiran ta haramta wasu irin man da Turawa ke shafawa don kada rana ta ƙona su, domin an gane yana yi wa murjanin lahani. Daga Disamba zuwa Maris kuwa igiyar ruwa kan taso daga arewa, ranar da ta taso mai hankali a bakin gaɓa yake tsayawa.

To, mafi yawan baƙi iyakarsu ke nan: rairayi, ruwa, barci. Amma wanda ya tsallaka titin da ya wuce ta bayan zangon zai ga abin da zai sauya masa kallon wurin. Cikin kurmi ga kangon masana'antar sukari, bangayen da aka gina da duwatsu da tubali da guntayen murjani, ga da'irar da dawaki da alfadarai suke zagayawa suna juya injin matse rake, ga gurbin manyan tukwanen da ake dafa ruwan raken. Gefe guda ga kaburbura. Itatuwan da suka rufe wurin, in ka murza ganyensu ka sansana sai ka ji ƙamshi tsakanin kanumfari da kirfa, daga nan wurin ya samo sunansa, domin ma'anar sunan ita ce gaɓar kirfa, ko da yake itacen ba kirfa ba ne. Bayan rake ya mutu, a farkon ƙarni na 20, man ganyen nan aka koma tatsa ana yin turaren da maza kan shafa bayan aski.

Kafin rake akwai mutanen Taino, 'yan asalin tsibiran. Masu tonon kayan tarihi sun haƙa a bakin wannan rairayi a wajen ƙarshen shekarun 1990, suka tarar da wurin ibadarsu, da kasake da gumaka da aka jibge ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Kolumbus. Su kam ba su yi saura a tsibirin ba, amma kalmar da Turawa ke kiran babbar guguwar teku da ita daga bakinsu aka aro ta.

Mutanen ƙasar Denmak ne suka kafa mulki a St. John a shekarar 1718. Cikin shekara goma sha biyar suka sare dajin, suka yanka gonaki fiye da ɗari na rake da auduga. A shekarar 1733 bayin da ke tsibirin sun haura dubu ɗaya, Turawa kuwa ɗari biyu da 'yan kai. Su Denmak suna da babbar ganuwa a Ankara ta ƙasar Gana, wadda suke kira Christiansborg, ta nan suke loda bayi. A cikin waɗanda suka loda a shekarun nan akwai mutanen Akwamu. Daular Akwamu ta yi ƙarfi a wancan yanki, ita ma ta sayar da maƙwabtanta ga Turawa ba kaɗan ba, sai a shekarar 1730 aka ci ta da yaƙi, reshe ya juye da mujiya, aka sayar da 'ya'yan sarautarta da mayaƙanta. Mutanen da suka saba ba da umurni su aka miƙa wa fartanya.

Shekarar 1733 ta zo da fari, da guguwa, da ƙwarin da suka cinye abin da ya rage, bayi suka shiga yunwa suna gudu daji. Maimakon a sassauta, sai Gwamna Philip Gardelin ya kafa doka a watan Satumba mai ɗauke da hukuncin yanke ƙafa, da ƙona jiki da jan ƙarfe, da rataya. Ran 23 ga Nuwamba da asuba wasu bayi suka isa ganuwar Fortsberg da ke gabashin tsibirin ɗauke da dammunan itacen wuta, kamar yadda suka saba kaiwa. Wuƙaƙe ne a cikin itacen. Suka kashe sojojin da ke gadi, in ban da guda da ya ɓuya, suka buga igwa don sanar da 'yan'uwansu. Kafin rana ta yi tsaka tawayen ya bazu. Ya iso har nan Cinnamon Bay, inda masu gonar, 'yan gidan Jansen, suka tsira da kyar, domin wasu daga cikin bayinsu sun tare musu faɗa har suka shiga kwale-kwale suka gudu.

Wata shida tsibirin yana hannun 'yan tawayen. Masana tarihi sun nuna cewa nufin shugabanninsu shi ne su kafa mulkin Akwamu a wurin, su ci gaba da noman rake da guminsu waɗansu, wannan ya sa bayi da yawa na sauran ƙabilu ba su bi su ba. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba, kuma bai rage kome daga girman abin da suka yi ba: mutum kamar ɗari da hamsin, da 'yan bindigogin da suka ƙwata, sun gagari Denmak har sai da ta roƙi taimakon Faransa. Sojojin Faransa suka zo daga tsibirin Martinique a watan Afrilu na 1734, suka bi su lungu-lungu. Da suka ga ba mafita, da yawansu suka kashe kansu don kada a sake sa musu sarƙa. A cikin gawawwakin an sami ta wata mace mai suna Breffu, wadda take cikin shugabannin. Har gobe, a ƙarshen kowane Nuwamba, mutanen tsibiran kan hau tudun Fortsberg don tunawa da su.

Bauta ta ci gaba har shekara 114 bayan wannan. Tsibirin Tortola na Ingilishi yana kusa ƙwarai, ana hango tsaunukansa daga arewacin St. John, kuma da Ingila ta soke bauta a 1834 sai bayi suka riƙa satar jiki da dare suna ƙetarawa. Ran 3 ga Yuli 1848 bayin St. Croix suka yi gangami suka tilasta wa Gwamna Peter von Scholten shelar 'yanci. Abin da mutanen nan suka zo da shi daga gida bai ɓace duka ba. Babban abincin tsibiran shi ne kifi da wani tuwon masara da ake tuƙawa da kuɓewa a ciki. Ga tsamiya ko'ina, can cikin dajin kudu kuma akwai wata tsohuwar kuka tsaye ita kaɗai.

A shekarar 1917 Amurka ta sayi tsibiran uku daga Denmak a kan zinariya ta dala miliyan 25. A wancan lokaci St. John ya koma wurin 'yan ƙananan manoma, da masunta, da masu ƙona gawayi da saƙar kwando. Sai a shekarun 1950 attajirin nan Laurance Rockefeller ya zo ya ga wurin ya yi masa, ya sayi ƙasa mai yawa, ya gina otal ɗin masu hannu da shuni a Caneel Bay, ya ba gwamnatin Amurka wajen eka 5,000 kyauta. Da ita aka buɗe gandun da gwamnatin tarayya ke karewa a 1956, wanda a yau ya cinye wajen kashi 60 cikin ɗari na tsibirin, har da zangon da muke magana.

A nan ne maganar take da wuya. Ba don gandun ba, da yanzu dogayen otal sun rufe gaɓar nan, da mai ƙaramin ƙarfi bai sami inda zai kafa tanti ba. Wannan gaskiya ne. Amma ɗan tsibirin da ya ga an hana shi farauta da saran itace da kafa tarkon kifi a wasu wuraren da kakanninsa suka yi, shi ma yana da tasa gaskiyar. Ƙasar da ta rage a wajen gandun ta yi tsadar da sai baƙi masu kuɗi, harajin gida ya bi ta ya hau, har wasu iyalai na fargabar rasa gadonsu. Shekara da shekaru yaran St. John masu karatun babbar sakandaren gwamnati sai sun yi sammako sun hau jirgin fito zuwa St. Thomas, sun dawo da yamma. Da aka tashi neman filin gina musu makaranta a gida, sai da hukumar tsibiran ta yarda a 2023 ta ba gandun wani ɗan tsibiri mai suna Whistling Cay a madadin fili, abin da ya jawo gardama mai zafi. Kuma mutanen nan, ko da yake 'yan ƙasar Amurka ne tun 1927, ba su da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa muddin suna zaune a tsibiran. Mai kwana cikin tanti yana iya yin mako guda bai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, in dai bai zauna ya gaisa da kowa ba.

Akwai wata alaƙa kuma tsakaninmu da su wadda ba ta tarihi ba ce, ta iska ce. Tsakanin Yuni da Agusta sararin tsibiran kan yi hazo, tsaunukan nesa su dushe. Ƙurar Sahara ce, irin wadda muka sani da hunturu, iska ke ɗauko ta ta ƙetare Tekun Atlantika da ita. Haka kuma yawancin manyan guguwoyin da ke afka musu sukan faro ne a matsayin hadarin damina da ke ratsa ƙasashenmu daga gabas zuwa yamma. In hadarin ya fita ta gaɓar Senegal ya hau ruwa mai ɗumi, wani kan mutu a hanya, wani kuwa ya yi ta ƙaruwa yana juyawa. Lokacin guguwa daga farkon Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, mafi hatsari Agusta zuwa Oktoba, shi ya sa masu tanti suka fi zuwa daga Disamba zuwa Afrilu.

Ran 6 ga Satumba 2017 wadda aka sa wa suna Irma ta bi ta kan St. John da iska mai gudun fiye da mil 170 a sa'a guda. Bayan mako biyu wata mai suna Maria ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsaunuka suka koma tsirara ba ganye, otal ɗin Rockefeller ya zama kango, zangon Cinnamon Bay ya watse, bai sake karɓar baƙi ba sai a 2022. Akwai wani tsohon ɗakin ajiya na zamanin Denmak a bakin ruwan, ɗaya daga cikin gine-gine mafi daɗewa a tsibirin, wanda aka mai da ɗakin nuna kayan tarihi. Ya ga tawayen 1733 ya ga 'yancin 1848, amma Irma ta rushe shi. Tun kafin wannan ma teku tana cin gaɓar sannu a hankali, har takan tono ƙasusuwan mutanen da aka binne a wurin a zamanin gonar, ma'aikatan gandun suna tattarawa suna adanawa don a sake binne su inda ruwa ba zai kai ba. Tantunan da aka kafa bayan guguwar suna 'yan takuna kaɗan daga wannan maƙabarta.